Jinin da Na Haɗiye Gaban Surukai

Masu cewa shiruna ya yi yawa, ga ni, ban mutu ba. Ɗiyata Hajara ke rubutawa, ni ke faɗi.

Hakin wuya ne. Ya kumbura har tuwo ya gagara wucewa, ga zazzaɓi, ga wari. Na ce a kira wanzami, Hajara ta sa kuka, na bi ta asibiti.

Aka ɗibi jini, aka leƙa maƙogwaro. Likitan, yaro ne ƙarami, ya ce aikin iri biyu ne: a yanke a ɗaure, ko a ƙone da lantarki, wanda ba ya zubar da jini sosai lokacin aiki. Na ce a ƙone. Sauran bayanin da Turanci suka yi shi a kaina, ina kwance kamar buhun gero. Kuɗin kuwa da Hausa suka faɗa mani.

Ashe wurin da aka ƙone ɓawo yake yi, in ya ɓalle daga baya jini na iya ɓarkewa. Wa ya gaya mani?

Bayan kamar mako, surukaina na Batagarawa suka zo dubiya. Muna zaure na ji gishiri-gishiri a baki. Dattijo ba ya tofar da yawu gaban surukai. Na haɗiye. Na ƙara haɗiyewa. Alhaji Mamman, maƙwabcina a Babbar Kasuwa, shi ma ya zo dubiya, wai a ba ni kunun kanwa mai zafi, haka wanzamai ke yi. Shi da ko ƙaya bai taɓa cire wa kowa ba.

Suna fita na yi amai, baƙin jini guda-guda. Na tsorata, ba zan ɓoye ba.

A asibiti wata nas 'yar Filato ta riƙe hannuna. "Baba, da ka ƙara awa guda a gida, da wani zancen ake."

Aka mayar da ni tiyata aka ɗaure jijiyar. Aka nemi jini, 'yan majalisarmu duk wayoyinsu suka mutu rana ɗaya. Ɗan acaɓan da ya kawo Hajara shi ya bayar.

Yanzu ina cin tuwo, alhamdulillahi. Allah ya yi wa ɗan acaɓan nan da nas ɗin albarka. Ku kuma 'yan majalisa, na gan ku.

Wanda za a yi wa aikin nan, ya sa likita ya faɗi komai da Hausa, har abin da ka iya biyo baya. Kada ya sha mai zafi. In ya ji jini, ya tofar ko gaban waye, ya nufi asibiti.