Ranar da na sauya wa almakashi hannu

Gwaggo ce ta koya mini ɗinki. Ba ƙanwar mahaifina ba ce ta jini, maƙwabciyarmu ce a cikin garin Rano, amma tun ina ƙarama haka nake kiranta. Da na buɗe shagona a bakin kasuwa, ita ce ta fara zuwa, aka ɗauko mata keken ɗinkinta na ƙafa a baro. Shago nawa ne, amma almakashi nata ne. Duk atamfar da ta shigo, ita take aunawa ta yanka, mu kuma mu haɗa. Shekara da shekaru muna haka, ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

Sai wata budurwa daga Saji ta zo neman aiki. Ta gama sakandare, ta ɗan koyi ɗinki a gida, sauran kuma a waya ta gani. Kullum a bayan babur ɗin yayanta take zuwa. Na ba ta aikin kafa maɓalli da guga, kamar yadda ake ba kowace sabuwa. Ba ta yi gardama ba, amma na lura duk ƙyallen da ya faɗo ƙasa sai ta tsince shi. Wata rana na tarar ta haɗa ƴar riga da su, mai hannu irin wanda ƴan mata suke ta nuna mana a hoto muna ce musu ba ma yi. Na juya rigar ciki da waje. Aikin ya yi.

Ba a daɗe ba aka kawo mana ankon biki daga Kibiya. Ƙawayen amarya suka zo da kansu, kowace da hoto a wayarta. Gwaggo ta duba, ta taɓe baki.

"Wannan ai ɓarnar yadi ce," in ji ta. "A yi musu riga da zani, mutunci ya fi."

Na ga fuskokinsu sun sauya, ɗaya har ta fara naɗe atamfarta. Na san in suka fita, Kano za su kai, kuma ba za su dawo ba. Na ɗauki almakashin daga kan tebur na miƙa wa ƴar Saji.

"Ke za ki yanka wannan."

"Ni, Anti?"

"Ke. Ki auna su yanzu."

Gwaggo ta koma kan aikinta. Ta ƙarasa abin da ke kan kekenta, ta rufe shi da zani, ta tafi gida. Washegari ba ta zo ba.

Ban aika kowa ba, da ƙafata na je bayan la'asar. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta, na zauna a gefen tabarma ina taya ta. Sai da muka cika ƙwarya sannan ta yi magana.

"A gaban baƙi, ƴar nan? Ni da na ɗora hannunki a kan keke?"

"Ke kika ɗora shi, Gwaggo, kuma ba zan manta ba. Amma in yau aka sake kawo irin wannan aikin, ita zan sake ba wa. Ta fi mu sanin abin da yaran yanzu suke so, ni da ke duka."

Ta dube ni. Ina jin ta zaci lallashi na zo yi.

"To me kika zo nema?"

Na gaya mata gaskiya. Yarinyar tana da hannu, amma ba ta da baki. Da safiyar ranar ta ce wa wata matar aure ɗinkin da ta zaɓa ba zai yi wa mai jikinta kyau ba, matar ta fita ranta a ɓace. Kuma manyan matan garin nan ba za su tsaya ƴar cikinsu tana zagaya su da tef ɗin awo ba. Na ce ina so kayan manya su zauna a hannun Gwaggo, kuma duk abin da aka ɗinka a shagon, ko na waye, sai ya bi ta gabanta kafin ya fita.

"Har nata?"

"Har nawa."

Ta ci gaba da murza gyaɗa. Can ta ce a mayar mata da kekenta kusa da ƙofa, ƙarar kekunan lantarkin nan tana sa mata ciwon kai.

Ita ma ƴar Saji na zaunar da ita. Na ce mata yanka nata ne, ba mai karɓe shi, amma in Gwaggo ta ce a farke, a farke. Ta ɓata rai, ta ce ai Gwaggo ba ta san yayi ba. Na ce ba yayi za ta duba ba, za ta duba ko rigar za ta kai sallar baɗi.

Watannin farko sun sha rigima. Gwaggo ta mayar mata da riguna da yawa, ita kuma ta yi kuka a bayan shago ba sau ɗaya ba. Ban shiga tsakani ba sai in murya ta tashi. A hankali na fara ganin yarinyar tana kai wa Gwaggo yadi tun kafin ta yanka, Gwaggo kuma tana cewa a matso mata da wayar ta ga yadda aka yi wuyan.

Bayan ƴar Saji ta yi aure ta zo ta ce mini mijinta yana so su koma Kibiya, za ta bar aiki. Na ce ba za ta bari ba. Matan Kibiya da Nariya sun daɗe suna hawo mota zuwa wurinmu, gara mu je mu same su. Na kama ɗaki a can, na ba ta kekuna biyu da ɗaya daga cikin masu haɗi, na ce ita ce shugaba, ba sai ta kira ni a kan kowane abu ba.

Gwaggo ta ce sai ta gani da idonta. Ta hau adaidaita sahu ta tafi ita kaɗai, ta wuni a can. Da ta dawo na tambaye ta yadda ta samu wurin.

"Yarinyar ta iya riƙe mutane," in ji ta. "Sai dai ta kafa madubi yana kallon titi, kowa ya wuce yana ganin matan mutane. Na sa an juya shi."