Ƙosan da Ya Falmata Ke Ragewa

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata, Ya Falmata, Allah Ya jiƙanta. Mutanen unguwar Bulumkutu sun san ta, don da wuya ka shiga gida a layinsu ba ka sami wanda ya yi ajin 'yan ƙanana a hannunta ba. Ni kuwa yawo ne ya cinye ni. Na kai kifi banda Onica, na kwana a Kusiri, na sha shayi a Agadas, amma ban taɓa zama da ɗan shekara huɗu na awa guda ba sai da furfura ta fito.

Tana da wata ɗabi'a da nake tsokanarta a kai. Duk Alhamis sai ta sayo wa 'yan ajinta ƙosai, amma da gangan ya gaza da guda ɗaya. Ta raba, yaro ɗaya ya tashi hannu wofi, ita kuma ta koma gefe tana gyaran mayafi kamar ba ta gani ba. Na ce mata, "Ya Falmata, wannan ai rowa ce kika sa wa rigar malanta." Ta ce, "Modu, je ka loda kifinka. Ba wanda ya gutsura ya bayar kaɗai nake kallo ba. Akwai wanda zai riƙe nasa ya kasa ci. Shi ma ya ji." Ba ta rubuta komai. Ƙosan da ta rage yana jakarta, daga baya ta ba mai shi.

Abin da ya tayar mini da wannan magana, jikata ce, Yagana, wadda nake ce wa amaryata. Shekararta huɗu, tana wata makaranta a Mairi. Kwanan baya ta zo da takardar sakamako, a ciki har da layin tausayi, an ba ta maki biyu cikin biyar. Uwarta, 'yata Hadiza, ta kasa cin abinci. Wai yarinya ta tashi da busasshiyar zuciya, gara a cire ta a kai ta wani wuri, ko da za ta rabu da ƙawayenta.

Na je na ga malamarsu, Madam Rifkatu, mutuniyar kirki 'yar kudancin Borno. Ta ce, "Baba, ba ƙiyayya ba ce. Mukan nuna hoton yaro yana kuka mu ce me yake ji. Sauran su amsa, ita sai ta juya fuska. Ko wani ya faɗi a fili, ba ta tsayawa kansa." Na fito ina tambayar kaina, tausayi ana auna shi kamar gero? In ana aunawa, da wane mudu? Ya Falmata ma ai aunawa take yi, ko ba haka ba? Me ya raba ƙosanta da hotonsu? Har na hau Keke ban sami amsa ba.

Sai na ce bari in gwada irin nata. Na tara yaran gidan, su biyar, na sayo ƙosai huɗu. Ashe mai ƙosan ta san ni, ta jefa mini gyara ban lura ba. Kowa ya samu, suka cinye, suka ce gobe ma in kawo.

Alhamis ta gaba na ƙirga da idona, na kuma mai da kaina wanda bai samu ba. Na zauna a tabarma na langwaɓe kai. Yagana ta dube ni sau ɗaya, ta juya mini baya, ta fita da nata. Gaskiya raina ya sosu. Na ce to, Madam ta fi ni gani.

Da aka kira la'asar na zura ƙafa a takalmi, sai na taka abu mai laushi. Rabin ƙosai ne, ya jiƙa takalmin da mai. Na kira ta a hankali na ce, "Amaryata, wa ya yi wannan?" Ta matso kunnena ta ce, "Kaka, yi shiru. In an gani za a ce kana kwaɗayi."

Sai na tuna haka aka raine mu. Babba in yana cikin rashi ba a zuba masa ido, a kan kau da kai a rufa masa asiri. Na gaya wa Hadiza cike da murna. Ta ce, "Baba, Yagana fa ba ta son ƙosai in babu yaji." Ka ji kuma. Tausayi ne, ko neman inda za ta yar? To in yarwa ce, me ya hana ta ba kaji?

Da Ya Falmata na nan, na san dariya za ta yi mini, ta ce na ƙetare ƙasashe amma rabin ƙosai ya ɗaure mini kai. Ban san maki nawa za ta ba yarinyar ba, kila ma ba za ta ba da ko ɗaya ba. Ba ta bar littafi ba, ba ta bar makaranta da sunanta ba. Abin da ta bari shi ne wannan komawa gefe a yi haƙuri a duba yaro har ya gama abin da ya fara.

Na roƙi Hadiza ta bar Yagana a ajinta zuwa ƙarshen shekara, ta yarda. Na kuma kai wa Madam Rifkatu takalmin ta gani. Ta daɗe tana juya shi, sannan ta ce, "Baba, babu layin wannan a takardarmu." Har yau ban wanke shi ba.