Rabin Kwalbar Lonnie

Shekara goma sha tara Delbert, wani bakanike a Toledo, bai kurɓi giya ba. Duk shekara ƙungiyar masu daina sha takan ba shi lambar tagulla, ya jera a kan firiji. Ƙanensa Lonnie kuwa, da a da tare ake kwaso su a buge, yanzu kwalba ɗaya yake sha ran Lahadi wajen gashin nama.

"Za ka koma ruwa, yaro," in ji Delbert.

"Shekara shida kana faɗa, Yaya."

Lonnie ya ajiye rabin kwalbar, ya tafi juya nama, ya manta da ita. Mantuwar nan ce ke cin Delbert. Shi har aka watse bai manta inda take ba.