Mai Sayen Ƙanƙara Ranar Zonda

Tun safe iskar Zonda ke gangarowa daga duwatsun Mendoza da zafi kamar bakin tanda, wutar lantarki kuma ta ɗauke. Doña Nélida mai sayar da ƙanƙara tana lura da wani dattijo da ba ta taɓa gani ba, tsaye a ƙarshen layi. Rigarsa a goge take, amma ya ɓalla maɓallan a karkace. Ya rungume kwalbar giyar inabi cikin jiƙaƙƙen tawul, jim kaɗan sai ya ɗora ta a kuncinsa, yadda uwa ke auna zazzaɓin jinjiri.

"Baba, shagali za a yi ne da wannan zafin?" in ji ta.

"A'a, doña. Ɗakin ƙasan gidana, inda nake ajiye giyar, shi ne ya ɗau ɗumi. Jikin bango zan jera ƙanƙarar, nesa da kwalaben. Sanyin farat ɗaya ma firgita su yake yi."

Toshiyar kwalbar ta ɗan taso, wani jan ɗigo ya bushe a wuyanta. Babu tambarin kamfani, sai shekara da aka rubuta da alli, rubutu mai lanƙwasa irin na mace. Nélida tana ganin mai rubutun ba ta gidan yanzu, kurangar inabin da aka yi giyar da shi ma wataƙila an tuge ta.

"To ka buɗe ɗaya ka ɗanɗana mana ka ji ko ta lalace, ka huta da zullumi."

Dattijon ya ƙara matse tawul ɗin.

"In na buɗe, doña," ya ce a hankali, "ai na sani ke nan."