Na Yaɓe Bututun Hayaƙin Maigida

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: wawan labarin nan ni ne. Ba tantabarun ba, ba kyanwar ba, ni ɗin nan mai furfura, wanda ya ɗan leƙa aji a Maradi har ya iya rubuta sunansa ba tare da ya zaro harshe ba.

Gadi nake yi a wani gida a unguwar Suwaidi, cikin birnin Riyad. A tsakar gidan akwai ɗakin da suke kira mashab, inda maigida, wato kafilina mai ɗaukar nauyin zamana a ƙasar, yake hura itace lokacin sanyi yana dafa wa baƙi gahawa. Murhun yana da bututu da ya miƙe har saman soro. Ni kuwa da zafi na kama aiki, ban taɓa ganin an kunna shi ba. Kuma mu a gida ba a gina wa hayaƙi hanya. Ya bi ƙofa, ya bi jinka, ko ya bi idon mai girki.

Tantabaru suka mayar da bututun nan gidan gado. Kullum na buɗe ɗakin sai in tarar da kashi da tsinkayen sheƙa a kan butocin gahawa. In goge da safe, kafin azahar sun sake sa hannu. Ana cikin haka wata kyanwa ta bi su farauta, ta zamo, ta faɗo cikin toka, ta zaga farin kafet da matasai kamar mai neman abin da ta yar.

Maigida ya tsaya ya dubi sawun, ya dube ni. Ya ce, “Ya amm,” wato baffa da Larabci, “ikamarka, takardar zamanka, ta kusa ƙarewa. In na sake ganin ko gashin tsuntsu a ɗakin nan, halas, sai gida.”

A shekaruna wane kafili zai ɗauke ni? Na hau soro na ja daga. Na kafa mutum-mutumi da tsohuwar rigata, irin na gonar gero. Washegari na same su jere a kafaɗarsa suna hira. Na rataya gwangwanaye, iska ta ƙi kaɗawa. Na haɗa danƙo na harba, na sami kwanon talabijin ɗin maƙwabci, tantabarar ko kai ba ta juya ba. Rana tana gasa mini ƙeya, gwiwoyi suna kuka a kan tsani, su kuma suna ta guɗa.

Direban gidan, wani ɗan Damagaram da muke ɗaki ɗaya, ya ce, “Baba, je kasuwar Batha ranar Juma'a. Akwai hular ƙarfe mai raga da ake kifa wa bututu.”

Na je, na ɗaga ta, na leƙa, na hango mai shagon ta cikinta sarai. Na ajiye masa kayarsa. Abin da ke da huda, ina zai tsare dabba? Na dawo na ce wa direba, “Yaro, tun kafin a haife ka nake rufe rumbu, ko ɓera bai taɓa cin geron gidanmu ba.”

“To hayaƙin fa, Baba?”

“Ɗakin ba shi da ƙofa ne?”

Na samo jar ƙasa a wurin da ake haƙa gini, na cuɗa da ciyawar tumaki, na taka da ƙafa, na bar ta ta kwana. Na kifa tsohon tire a bakin bututun, na yaɓe shi tsaf, har da ɗan zane a gefe. Gaskiya aikin ya yi kyau, wannan ko yau ba na janyewa. Har zafi ya wuce ko gashi bai faɗo ba, ni kuma na addabi direba da wa'azin hikimar manya.

Sai sanyi ya shigo. Wata la'asar maigida ya tara baƙi, aka rufe ƙofa, ya hura wuta. Ina bakin get na ji tari kamar an saki garken awaki. Manyan mutane suka yi ta fitowa ba takalmi, hawaye shaɓe-shaɓe, wani ya toshe hanci da rawaninsa, wani da kofin gahawa a hannu ya rasa inda zai ajiye. Na haye soro da guduma. Ashe ranar Riyad ta gasa lakar nan ta koma dutse. Ina duka, tana mayar mini da guduma, maigida yana ƙasa yana kiran “ya amm” da muryar da ban san yana da ita ba.

Bai kore ni ba, baƙin ne suka sa baki bayan sun gama tari sun koma dariya. Amma ya yanke hukunci: ƙafata da soro har abada. Washegari direba ya sayo hular nan mai huda, ya hau, aka bar ni da riƙon tsani. Abin ya ci mini rai. Na ɗaga kai na ce, “Ka dai faɗi gaskiya, ɗan Damagaram, aikina ya kori abin da aka ce ya kora.”

Ya leƙo ya ce, “Ƙwarai, Baba. Ya kori tantabaru, ya kori kyanwa, ya kori baƙi, ya kori maigida daga ɗakinsa. Kai kaɗai ka ƙi koruwa. Riƙe tsani.”