Man da Uwar Gwaza Ta Shafa wa 'Ya'yanta

A daminar da mahaifiyarmu Inna ta kwanta ciwo, a Burumburum, kakarmu Iya ce ke tara mu a gindin murhu bayan magariba. Gwaza na dahuwa, tarin Inna na fitowa daga ɗaki. Kullum kafin mu zauna sai Inna ta kira ni ta shafe ni da man kaɗanya. Ni kuwa ƙorafi nake, ina cewa ƙauri gare shi.

Ranar nan Iya ta ɗauko ganyen gwaza, ta ɗiga masa ruwa. Ruwan ya dunƙule, ya gangara, ganyen bai jiƙe ba.

"Ga ta nan, ku matso," in ji ta.

"Ta iso, Iya," muka amsa wa tatsuniyar.

Wai uwar gwaza ce aka aiko mata kiran da ba a ƙi. Ta dubi 'ya'yanta a fadama, ba riga, ba rumfa. Sai ta narke ɗan man da ke jikinta, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana shafawa, siriri, yadda hasken rana zai ratsa amma fumfuna ba za ta samu shiga ba. Ta bar musu 'yan ƙofofin numfashi a ƙarƙashi. Da ta gama, ita ta bushe.

Na ce, "Ashe tsoron ruwan sama take ji."

"Ke uwar surutu! Na waje ai mai sauƙi ne. Na cikinsu take tsarewa, kada rana ta shanye."

Ta goge rabin ganyen da toka, ta ajiye. Washegari da hantsi ɓangaren nan ya yi yaushi, ɗayan yana nan shar.

Da magariba na tambaya, "Iya, uwar gwaza ta dawo?"

Iya ta gyara itace, ta ce hayaƙi ne ya shiga idonta. Ba ta ko rufe tatsuniyar ba.

Kafin a yanke dawa Inna ta rasu.

Sai da na haihu na gane ba labarin gwaza Iya ke ba ni ba. Jiya ina shafa wa 'yata Hajara mai, tana ta zillewa, wai ƙauri. Hawayena ya ɗiga a bayanta, ya dunƙule, ya gangara. Ba ta ma ji ba.