Ranar da Na Mai da Mahaifina Ɗan Ƙodago

Ko da zan manta duk abin da ya same ni a Doha, ban da yammacin nan na Corniche, titin bakin teku. Shekaru sun shuɗe, amma in na tuna shi har yau sai in ji kunya ta rufe ni kamar yanzu abin ya faru.

Injiniya ne ni a wani kamfani a unguwar West Bay. Lokacin korona aka rage mutane a ofis, ya zama daga ni sai wani abokin aikina Bafaranshe, kowa da takunkuminsa. An rufe hanya, ya kasa zuwa gida, sai kewa ta buɗe masa baki. Kullum hirarsa ɗaya ce, ƙauyensu. Wai ɗan mitsitsi ne a kan tudu, rafi na bi ta gindinsa, gonakin alkama sun kewaye shi, shanu sun fi mutane yawa. A tsakiyar gari akwai coci da wani dutse da aka rubuta sunayen samarin da suka tafi yaƙi ba su dawo ba, ciki har da yayan kakansa. An rufe makarantarsu don babu yara, burodi ma mota ce ke kawo musu. Yana faɗin haka yana washe baki, sai ka rantse Makka yake kwatantawa.

Da ya tambaye ni nawa garin, na ce ni ɗan birnin Kano ne, mahaifina babban ɗan kasuwa. Alhali a wani ƙauyen Jigawa aka yanke cibiyata, kuma Baba bai san wata sana'a ba sai fartanya. Me ya kai ni? Boko ce ta hau mini kai, ba wani abu ba.

Da gasar cin kofin duniya ta zo, abokin aikin nawa ya ɗauko mahaifinsa, wani tsoho mai faɗin kafaɗa da tafin hannu kamar faskare, wanda bai taɓa hawa jirgi ba sai wannan karon. Bayan la'asar muka fita da shi Corniche. Jama'a na ta kaɗe-kaɗe da tutoci, shi kuwa ciyawar da aka shuka a gefen hanya yake dubawa, yana tambayar ina suke samo ruwa.

Nan wayata ta yi ƙara. Baba ne, kiran bidiyo da wayar maƙwabcinmu, kuma ban taɓa ƙin ɗaga kiransa ba. Ga shi a masussuka, ƙaiƙayi har gira, rigarsa ta yage a kafaɗa. Tsohon ya leƙo, ya ce wa ɗansa wani abu, ɗan ya juya mini da Turanci: "Wai wane ne?"

Na ce, "Wani ne da ke mana aiki a gona."

Wallahi da bakina na faɗa. Baba ba ya jin Turanci, yana ta murmushi, yana cewa, "Baƙi ka yi? A gaishe su, a gaishe su."

Sai ya ɗago zangarniyar gero ya nuna. Tsohon ya cire hularsa, ya matso har hancinsa na neman taɓa wayar. Hira ta ɓarke, daga Faransanci zuwa Turanci zuwa Hausa, ni ne gadar ƙarshe. Tsohon ya tambaya: wata nawa yake yi kafin ya nuna? Ina ake ajiye shi? Baba ya juya waya ya nuna rumbu. Shi ma ya tambaya ko tsuntsaye na yi musu ɓarna a can. Tsohon ya ɗaga hannu sama, suka tuntsire da dariya tare, ba su jira fassarata ba.

Can Baba ya ce, "Kai, wannan manomin gaske ne. Gaya masa ni na haife ka. Ka ce masa gonar nan da yake gani ita ta kai ka inda kake, kuma na gode wa Allah da Ya ba ni kai."

Na ce musu, "Ya ce yana gaishe ku."

Tsohon ya dubi wayar, ya dube ni, ya daɗe. Sannan ya yi magana a hankali. Ɗansa ya fassara, idonsa a ƙasa: "Ya ce tun yana yaro yake kiwon shanu. In ya ga maraƙi, ba sai an nuna masa ubansa ba."

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Na so ƙasa ta tsage in shige. Da ƙyar na ce, "Mahaifina ne." Tsohon ya dafa ƙirjinsa, ya rusuna wa Baba, Baba ma ya rusuna masa.

"Ka gaya masa?" in ji Baba.

"Na gaya masa, Baba."

"Madalla. Allah Ya yi maka albarka."

Albarkar nan ta fi mari zafi. Har yau bai san abin da na fara kiran sa ba, ni kuma ban sami ƙarfin halin faɗa masa ba. Abin da na koya shi ne, talaucin ƙauye ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne ɗan da aka yi wa noma har ya zama mutum, sannan a tambaye shi ubansa ya tsaya yana tunani.